Shanu huɗu da sunan Dakta

Ranar da aka fitar da sakamakon Shahada, jarrabawar kammala sakandare, na shekarar 2012, rediyo na tsakiyar rumfar ƙofar gidanmu, mu kuma mun kewaye ta. Haka ake yi a Sudan a lokacin: ma'aikatar ilimi ta tara 'yan jarida a Kartum, a karanto sunayen ɗalibai ɗari da suka fi kowa maki a faɗin ƙasa, kowa da sunan makarantarsa. Na san ba na cikinsu, amma ban tashi ba sai da aka kai na ɗari. Can da la'asar na samu nawa sakamakon, kashi 81.4. Kafin in ƙarasa gida labari ya riga ni. Goggo ta tare ni a bakin zaure ta rangaɗa guɗa har sau uku, ta ce, "Ga Daktanmu nan, ga Daktanmu!" Daga ranar sunan ya bi ni. Mai shayi ya kira ni da shi, ladanin masallacinmu ya kira ni da shi, har yaran da nake kora daga lambu. Ni kuwa na amsa. Ba wanda ya tilasta mini, da bakina na amsa, kuma ya yi mini daɗi.

Ƙauyenmu yana bakin kogin Nilu, reshen da ake kira Nil Azrak, kudu da Sinnar, ba nisa da Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Kakanninmu hanyar Makka ce ta kawo su, suka ya da zango, zangon ya zama gida. Hausa muke yi a cikin gida, Larabci a makaranta da kasuwa. Baba manomi ne, dawa da riɗi da damina, albasa da tumatir da kuɓewa a lambun bakin ruwa da rani. A lokacin yana da shanu bakwai, su ne bankinsa, su ne asibitinsa, su ne kayan auren 'ya'yansa mata. A duk zuri'armu ba wanda ya taɓa taka ƙofar jami'a. Ni ne ɗan fari, ni ne kuma aka zuba wa ido.

Ga wanda bai san tsarin nan ba, bari in ɗan yi bayani, don daga nan kuskurena ya soma. A zamaninmu yaro yakan yi shekara takwas a firamare, uku a sakandare, sannan ya zauna Shahada. A haɗa makin darussa bakwai a fitar da abin da muke kira nisba, wato makin mutum cikin ɗari. Huɗu na dole ne, Larabci da Ingilishi da addini da lissafi, sai uku na fannin da mutum ya bi. Ni ɗan ɓangaren kimiyya ne, nawa ukun su ne fiziya da kimiya da ahya, wato ilimin halittu masu rai. Jami'o'in gwamnati ba su ke tsintar ɗalibansu ɗaya ɗaya ba, ofishi guda ne a ma'aikatar ilimi mai zurfi yake rabon. Sukan fitar da wani littafi mai suna Dalil, wanda ya jera kowace jami'a da kwalejojin da ke cikinta, mutum kuma yana iya duba mafi ƙarancin nisbar da aka shiga kowacce da ita bara. Sai ka jera abin da kake so, ragba, wato zaɓi, ta ɗaya, ta biyu, ta uku, har ƙasa. Kwamfuta za ta bi jerinka daga sama, inda makinka ya fara isa nan za ta ajiye ka. Ba ruwanta da ɗan wane ne kai, ba ta kuma ji guɗar goggo ba.

Littafin yana hannuna, na kuma iya karatu. Likitancin Jami'ar Kartum, wanda asalinsa makarantar da aka buɗe tun 1924, sai mai sama da kashi 90. Na sauran jami'o'in gwamnati ma duk sun fi ƙarfina, wasu da nisa, wasu da 'yan maki kaɗan. Waɗannan 'yan makin su suka ruɗe ni. Na riƙa ce wa kaina wataƙila bana nisba ta sauko, wataƙila in dace.

Ustaz ɗinmu na ahya dattijo ne ɗan Mai Wurno, kullum da ƙurar alli a hannun jallabiyarsa, in mun keɓe da Hausa muke magana. Ya same ni a inuwar dalbejiyar makaranta da takardar neman gurbin a cinyata, ya zauna ya karɓa ya duba.

"Ɗana, sa likitancin a sama in ranka na so, ba ya cin kuɗi. Amma ka cike ƙasan nan da abin da makinka zai kai. Ga noma, ga kiwo, ga kimiyya, ga koyarwa."

Na ce, "Haba Ustaz, noma kuma? Noman da na baro a gida?"

Ya ɗago ya dube ni. "Wa ya zo mini bara da ganyen tumatir a leda yana tambayar abin da ya nannaɗe shi? Wa ya tsare ni har aka kaɗa ƙararrawa a kan me ya sa albasa ke yin fure ta ƙi yin kai? Ba kai ba ne?"

Na sunkuyar da kai na yi shiru irin na ladabi, amma maganar ba ta shiga ba. Da ya tafi na cike takardar cikin minti goma. Likitanci, likitanci, likitanci, sai harhaɗa magunguna, sai likitan haƙori. Layukan ƙasa na bar su fayau. A tunanina rubuta noma a takardar nan tamkar in tsaya gaban goggo ne in ce mata ta mayar da guɗarta. Da sakamakon rabo ya fito, ko'ina ba a ajiye ni ba. Abokaina da na fi su da maki goma sun samu gurbi, suna haɗa akwati.

Ko a nan ƙofa ba ta rufe ba. Akwai zagaye na neman guraben da suka rage, akwai kuma sake zama jarrabawar baɗi. Duk na ga ƙasƙanci ne. Sai kawu, ƙanen Inna da ke zaune a Kartum, ya bugo waya ya ce akwai wata kwaleji mai zaman kanta da ke ɗaukar likitanci da makin da bai ma kai nawa ba, in dai za a biya. Aka yi zaman gida a kan maganar, amma zaman bai wuce na shan shayi ɗaya ba. Aka faɗi kuɗin shekarar farko. Ba wanda ya tambayi na ta biyu, ba wanda ya ce shekara nawa ake yi, ba wanda ya kawo zancen ci da sha da kuɗin mota. Baba ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "To, Allah ya hore." A gidanmu ɗan fari ba ya zama da mahaifinsa su ƙirga kuɗi, akwai kunya a tsakani, Inna ko sunana ba ta faɗa. Kunyar nan abu ne mai kyau, ina girmama ta har gobe, amma a ranar ta rufe mana baki a inda ya kamata mu yi magana.

Ranar kasuwa Baba ya kora biyu. Ɗaya jar saniya ce mai karyayyen ƙaho, wadda Inna ke tatsa, da nononta muke karya kumallo. Da za a fita da ita ta tirje a bakin garke, sai da ƙanena ya murɗa mata wutsiya. Inna ba ta leƙo ba, tana cikin madafa tana sake tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe. Da dare Baba ya ƙulle kuɗin a ƙyalle, Inna ta ɗinke shi a cikin aljihun rigata ta ciki. Da asuba ya raka ni bakin titi, abin da ya ce kawai shi ne, "Ka riƙe salla. Allah ya yi maka albarka."

A Kartum na sauka gidan kawu, a unguwar 'yan'uwanmu da ke kudancin birni. Daga can zuwa kwalejin hafila, wato bas, biyu ce tafiya, biyu dawowa. Ga farar riga, ga littattafai, ga takardun darasi da ake buga wa a shagon bakin ƙofa kullum, kowanne da kuɗinsa. Ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin fatur, 'ya'yan masu hali su nufi kanti, mu huɗu kuma mu haɗa kuɗi mu kewaye kwanon bosh, gurasa ce a gutsuttsura a zuba mata ruwan dafaffen waken da ake kira ful da ɗan mai da albasa. Wannan bai dame ni ba, ɗan manomi bai raina abinci. Abin da ya fara karya ni Ingilishi ne. Shekara goma sha ɗaya da Larabci aka koyar da ni komai, ranar farko malami ya yi awa biyu yana zuba Turanci, abin da na tsinta bai cika tafin hannu ba. Na riƙa kwana da ƙamus, shafi ɗaya ya ci mini dare.

Harshe dai ana koyonsa, a hankali na fara kamawa. Abin da ban iya koya wa kaina ba shi ne son abin. Ranar da aka shiga da mu mashraha, ɗakin da ake nazarin gawa, warin maganin da ake adana ta da shi ya cika mini ido da hawaye. 'Yan ajinmu suna turereniya kowa na son matsawa gaba, wata yarinya tana ta jera tambayoyi fuskarta na haske, ni kuwa ina baya kusa da taga ina duban agogo. Tsoro babu shi, na saba yanka da fiɗa tun ina yaro. Zuciyata ce ba ta wurin. Na gane hakan ne da na ga fuskar yarinyar nan, domin na san wannan hasken, na taɓa jin sa a jikina, amma a lambun Baba.

A tsakar gidan kawu kuwa na jera gwangwanayen mai da jarkokin da na raba biyu, na shuka lalo da jirjir da barkono. In na dawo a gajiye, kafin in cire takalmi sai na leƙa su. Wata rana matar kawu tana tsinkar lalon miya ta ce, "Kai dai hannunka na shuka ne, duk abin da ka binne sai ya fito." Na yi dariya na shige ɗaki na buɗe littafin ƙasusuwa.

A shekarun nan na saba da ɗalibai 'yan Nijeriya da Nijar, galibinsu a Jami'ar Afirka ta Duniya, wadda ta fara a matsayin cibiyar Musulunci a 1977 ta zama jami'a a 1992. Sukan yi mamakin jin Hausa a bakin ɗan Sudan, mu kuma mu yi dariyar Larabcinsu na littafi. A cikin waɗanda ke kwalejojin kuɗi na ga masu irin ciwona da yawa. Uba ya sayar da fili a Kano ko Maraɗi don a ce ɗansa yana karatun likita a waje, yaron kuma yana nan yana haɗiyar abin da ba ya so, ya kasa faɗa.

Shekara ta biyu ta zo da nata. Sudan ta Kudu ta ɓalle a watan Yulin 2011, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar, jine, kuɗin Sudan, ya riƙa zubewa. A watan Satumban 2013 gwamnati ta janye tallafin mai, kuɗin mota ya tashi dare ɗaya, aka yi zanga-zanga, aka rasa rayuka. Kwalejin ta ƙara kuɗi. Baba ya sake kora shanu biyu, da bai isa ba ya karɓi shel, wato ya sayar wa ɗan kasuwa riɗinsa tun yana tsaye a gona a kan farashin wulaƙanci. Ban sani ba sai daga baya, ƙanena ne ya tsegunta mini. Duk da haka kason ƙarshe bai cika ba. Ranar jarrabawa na iske takarda manne a ƙofar zaure, sunayen waɗanda ba su gama biya ba, nawa na huɗu. Mai gadin ƙofa ya ce in yi haƙuri, umarni ne. Ban ga laifinsa ba.

Na koma ƙarƙashin wata bishiya na zauna, na juya bayan takardar darasi na yi lissafin da ya kamata a yi shekara biyu da suka wuce. Shanu huɗu sun tafi a shekara biyu. Saura uku. A gabana akwai aƙalla shekara uku ko huɗu, kuɗin kuma kullum hawa yake, ga darussa biyu da na faɗi. Ko an sayar da garken kaf, da lambun, ba za mu kai ba. A bayana akwai ƙanne shida. Lissafin bai ɗauke ni minti biyar ba, yaro ɗan aji huɗu zai iya yin sa. Na yi kuka a wurin, ba na jin kunyar faɗa.

Na iske Baba a lambu yana kwance injin ban ruwa, wanda mu a nan muke kira babur. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa komai kaina a ƙasa. Bai ce uffan ba. Ya ci gaba da goge ƙarfen da ke hannunsa, ya miƙo mini sifana ya ce in riƙe. Kusan wata guda tsakanina da shi gaisuwa ce kawai. A gari kuwa ba a daina ce mini Dakta ba, wasu don sabo, wasu da gangan. Na daina zuwa teburin mai shayi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ganin ƙannena suna shan kunu ba nono, sun kuma san dalili.

Wani dare muna gadin ruwa a lambu, wata ya fito, Baba ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Ni ban taɓa ce maka ka zama likita ba. Mutane suka faɗa, ka amsa. Ni kuma na ji nauyin in ce maka ba ni da hali, kada ka ce na tare maka hanya. Da ka tambaye ni, da na faɗa maka abin da ke hannuna."

Na ce, "Baba, ku yafe mini."

Ya ce, "Shanu dukiyar Allah ce. Yanzu me kake so ka yi? Kada ka faɗa mini abin da kake zaton ina son ji."

Tun da aka haife ni ba a taɓa yi mini wannan tambayar ba, ni ma ban taɓa yi wa kaina ba. Na daɗe ina kallon ruwa yana bin kwali kafin in ce noma nake so in karanta. Ya yi ɗan murmushi, ya ce in je in toshe wancan kwalin ya cika.

Na koma wurin Ustaz da kunyata. Bai ce ai na faɗa maka ba, ko sau ɗaya. Ya sa ni a ajin masu maimaitawa na ƙungiyar malamai a Sinnar, da safe ina lambu da yamma ina aji. Na sake zama Shahada a 2015 na samu 79.7, ƙasa da na farko, don shekara uku sun shiga tsakani. A wannan karon mun kwashe kwana uku a kan Dalil. Ustaz ya gaya mini abin da ya sa iyayenmu ba sa lissafin ci da kwana: a zamaninsu ɗalibin jami'a gwamnati ke ciyar da shi ta ba shi ɗaki. Daga 1990, da aka yi abin da aka kira juyin ilimi mai zurfi, jami'o'i suka yawaita har kusan kowace jiha ta samu tata, amma ciyarwar ta tsaya, ɗakunan kwana suka koma hannun asusun kula da ɗalibai, wanda muke kira Sanduk. Ya ce, "Kuɗin makaranta shi ake gani a takarda, amma abin da ke korar ɗan talaka daga jami'a shi ne fatur da kuɗin mota."

Wurare uku muka auna. Akwai kwalejin noma ta Jami'ar Kartum da ke Shambat, ita ce mai suna. Akwai ta Jami'ar Jazira a Wad Madani. Akwai kuma ta Jami'ar Sinnar a Abu Na'ama, kusa da gida. Ustaz ya ce kada in yarda da ji, zuwa da kai ya fi aike. Ya ba ni kuɗin mota daga aljihunsa na tafi Madani, na shiga harabar Nishishiba, na tare ɗalibai biyu a wurin mai shayi na yi musu tambayar ƙauye: nawa kuke ci a wata, mutum nawa ne a ɗaki, ana samun gado ko sai da hanya, wane harshe ake koyarwa da shi, waɗanda suka gama bara ina suke. Suka ba ni amsa ba ɓoye-ɓoye, ɗayansu har ya kai ni ɗakinsu na ga tukunyarsu da risho. Na rubuta komai, na dawo na karanta wa Baba, a karon farko muka ƙirga tare. Kartum kusan kilomita 300 ce daga Sinnar, na kuma ɗanɗana tsadarta. Madani ba ta fi ɗari da 'yan kai ba, ana iya aiko mini da garin dawa da busasshiyar kuɓewa a mota, in kuma dawo gida ran Alhamis in taya aiki. Na sa Jazira a sama, Abu Na'ama a bayanta, na cike sauran layukan da kiwo da koyarwa har ƙasa. Shambat ban sa ta ba sam, don na san in na sa ta a sama kuma aka ba ni, sunan zai sake jan na. A lokacin an koma cikewa ta intanet, a wani shagon kwamfuta a kasuwar Sinnar na tura.

Aka ba ni ragbata ta farko. Goggo ba ta yi guɗa ba.

Jami'ar Jazira an kafa ta a 1975, a tsakiyar aikin noman Jazira, wanda ya fara a 1925 da aka gama madatsar ruwan Sinnar. Fili ne na faddan sama da miliyan biyu (faddan kusan eka ɗaya ne), ruwa na gangarowa da kansa daga madatsar zuwa manyan magudanai, zuwa ƙananan magudanan da ake kira tur'a da abu ishirin, har ya shiga hawasha, wato gonar manomi, ana noma auduga da alkama da gyaɗa da dawa. Hedikwatar hukumar binciken noma ta ƙasa ma a Madani take. Wato abin da aka faɗa maka a aji da safe, da yamma kana taka shi da ƙafarka. A nan na ji yadda karatu yake in ya dace da mutum. Ba na duban agogo. Amsar tambayar da na kai wa Ustaz a leda na same ta a shekara ta biyu: wata 'yar farar ƙuda ce mai zama a bayan ganye take ɗauko cutar daga wannan tumatir zuwa wancan, shi ya sa fesa magani bayan ganye ya nannaɗe ba ya tsinana komai, tun a wurin renon iri ake tare ta da gidan sauro.

Darasin da ba zan manta ba shi ne na ƙuduji, wanda Larabawan nan ke kira buda. Tun ina yaro nake ganin jan furensa a gonar dawarmu, muna tuge shi muna jibgewa a bakin gona. Ashe irinsa kamar ƙura yake, tushe ɗaya na zubar da dubbai, yana iya kwana a ƙasa sama da shekara goma yana jira, ba ya tsirowa sai ya ji alamar saiwar dawa kusa da shi. Kafin ya leƙo sama ya riga ya sha jinin dawar a ƙarƙashin ƙasa. Mu kuwa da muke tuge shi bayan ya yi fure mu ajiye a gefe, shuka shi muke yi da hannunmu. Da na zo hutu na rasa yadda zan gaya wa mutumin da ya shekara arba'in yana noma. Sai na ce, "Baba, malamanmu sun ce wai a gwada cire shi kafin ya yi 'ya'ya a ƙone, a kuma sa gyaɗa a wancan ɓangaren bana, a ƙara taki." Ya ce, "Wai?" Na ce, "Wai." Ya ba ni kusurwar gonar da ta fi lalacewa ya ce in gwada wai ɗina a can. Bayan damina biyu, da kansa ya kira maƙwabcinmu ya nuna masa wurin.

Karatun shekara biyar ya ci kusan bakwai, saboda rufe jami'o'i da aka yi bayan zanga-zangar Disambar 2018, sannan korona ta zo a 2020. Na gama a 2022 ba a sayar da ko maraƙi ba. Sai yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, ya ci Madani a watan Disamba, a 2024 ya iso jihar Sinnar. Wannan labari ne na daban, ba zan iya ba da shi a nan ba. Mun fito da abin da hannu zai iya ɗauka muka sauka a Gadarif, garin dawa da riɗi. Abin da ya ciyar da mu a can shi ne karatun nan da na raina. Wani mai shagon iri da maganin ƙwari ya ɗauke ni, manoma su zo da ganye a leda, in duba in faɗa musu abin da ke damunsa.

Ƙanwata ta uku tana cikin waɗanda yaƙi ya hana zama Shahada a 2023, sai a ƙarshen Disambar 2024 suka zauna. Ta yi karatunta da fitilar waya a ɗaki ɗaya da mutum tara. Da sakamako ya fito ta samu 84.3. Muna tsakar gida wata maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Barka, Daktora!" Sai da cikina ya juya. Na dubi yarinyar, na ga ta yi murmushin nan da na sani.

Da dare na shimfiɗa tabarma na kira ta, na buɗe Dalil a waya. Ban kai ga aika a kira Baba ba sai ga shi ya fito da kansa, ya zauna a bakin gado. Ba wanda ya tambaye shi, ya fara ƙirgawa da yatsu: shanu babu, lambu sai an koma an ga abin da ya rage, abin da ke shigowa albashina ne da ɗan abin da Inna ke samu a ƙosai. Ya faɗi abin da zai iya a wata, bai ƙara ba bai rage ba. Sannan ya ce, "To uwata, ke me kike so?"

Ta daɗe tana wasa da bakin mayafinta. Can ta ce, "Lissafi nake so, Baba. Ina so in koyar da shi." Goggo daga cikin ɗaki ta ce, "Da wannan makin duka, malamar makaranta?" Baba ya ce, "Yaya, bar ta ta gama."

Muka duba kwalejin tarbiyya, wato ta koyon aikin malanta, ta Jami'ar Gadarif, makinta ya wuce abin da ake nema da rata, daga gida kuma raksha, wato keke mai ƙafa uku, ɗaya ce. Na sa ta karanta sauran da kanta, har da injiniyanci, don kada gobe ta ce ba ta gani ba. Kwana biyu tana jujjuya jerin, ta cike kowane layi. Ranar turawa intanet ya yanke sau uku, muka fita bakin titi inda ya fi ƙarfi, Baba na biye da mu da carbinsa. Na miƙa mata wayar, ta sake karanta ragba ta farko a bayyane, ta yi bisimilla ta danna.